Lissafin Firinta Daga Wuta Yake Farawa: Martani Daga Ashige

Kwanakin baya na karanta rubutun wani ɗan'uwa marubuci a kan yadda mutum zai zaɓi firinta ta gida. Sau biyu na karanta shi, domin batu ne da ya taɓa aljihuna, ya kuma taɓa aikina. Abin da Malam ya tsaya a kai ba shi da yawa. Ya ce duk firinta mai tawada tarko ce: a sayar maka da ita da araha, sannan a bi ka da tsadar tawada har ka gaji. Ya ce in ka bar ta mako biyu ba aiki sai ta bushe. Don haka, in ji shi, mai son kwanciyar hankali ya nemi lesa, wato mai aiki da hoda, ko da ta gwanjo ce. Ya kuma ce shawarar ta kowa ce, ɗan birni da ɗan ƙauye.

Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ni malamin makaranta ne a Ashige, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Lafia, can ta ɓangaren Assakio. A ɗakina ake buga tambayoyin jarrabawa, da rajistar ƙungiyar manoman unguwarmu, da takardun yaran maƙwabta masu neman shiga manyan makarantu. Da na bi shawarar Malam, da yanzu na'urar tana ajiye a lungu ƙura ta rufe ta, ni kuma na koma biyan kuɗin mota zuwa cikin gari saboda takarda uku.

Kafin gardama, a ba mai gaskiya gaskiyarsa. Abin da ya faɗa game da firinta mai katirij haka yake, ba ni da ja. Ɗauki katirij ɗin HP mai lamba 123, ko ƙanensa mai lamba 305. Tawadar da ke cikin baƙin mililita 2 ce, ba ta kai rabin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma kamfanin da kansa shafi 120 ya ƙiyasta masa. Mai launi kuwa shafi 100, ga shi launi uku ne a gida ɗaya, da zarar ɗaya ya ƙare sauran biyun sun zama asara. Wannan ƙiyasin ma da shafuka masu sauƙin rubutu ake yin sa, ba irin takardar da aka cika da hoto da zane ba. To, a ƙaddara aji mai yara 40, jarrabawa mai shafi biyu. Shafi 80 ke nan a darasi guda. Kafin ka gama darasi na biyu tawada ta ƙare. Firintata ta farko mai katirij ce, ta wani kamfani dabam, kuma a tsakiyar makon jarrabawa ta tsaya mini, da daddare, sauran darasi huɗu ban buga ba. A allo na rubuta tambayoyin washegari, yara suna kwafa, rabin lokacinsu ya tafi a nan. Ban manta da ranar ba.

Kuma ba zargi ne kawai ba cewa kamfanoni a tawada suke neman ribarsu. A 2016 HP ya tura wa wasu firintocinsa sabuwar manhaja da ta sa suka daina karɓar katirij ɗin da ba nasa ba, har aka yi ta ƙorafi a ƙasashe da dama. A 2017 sai da maganar cika tsohon katirij a sake sayarwa ta kai kotun ƙolin Amurka, inda kamfanin Lexmark ya sha kaye. Duk wannan Malam ya yi daidai da ya ja kunnen mutane.

Inda ya kauce shi ne ya yi wa masu tawada kuɗin goro. Kamar mutum ne ya gaji da sayen ruwan leda, sai ya yanke hukuncin cewa ruwa tsada gare shi, ya manta akwai rijiya. Firinta mai tawada iri biyu ce, kuma tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Akwai mai katirij, wadda muka gama magana a kanta. Akwai kuma mai tanki, wadda ake tsiyaya mata tawada daga kwalba. Tarihin ta biyun ya kamata ya ja hankalinmu. A 2010 kamfanin Epson ya fara fitar da ita, kuma ba a Turai ko Amurka ya fara ba, a Indunusiya ne. Dalili kuwa, masu gyara a irin waɗannan ƙasashe sun riga sun gano hanyar jona wa firinta siraran tiyo zuwa kwalaben tawada a gefe, jama'a na tururuwa wajensu, sai kamfanin ya ga gara ya ƙera abin da kansa. Sai a 2015 irinta ta shiga kasuwar Amurka da sunan EcoTank. Canon da HP ma suka fito da nasu. Wato talakawa masu aljihu irin namu ne suka tilasta aka yi wannan na'ura, amma a rubutun Malam ko sau ɗaya ba a ambace ta ba.

Ga lissafin. Kwalbar baƙar tawada ta Epson mai lamba 003 mililita 65 ce, ƙiyasinta shafi 4,500. Kwalabe uku masu launi a haɗe shafi 7,500. Ta Canon mai lamba GI-490 mililita 135, shafi 6,000. Ka raba 4,500 da 120, za ka ga kwalba guda tana aikin katirij 37 da rabi. Ita kuwa hodar lesa da aka fi sani a shagunanmu, HP 85A, shafi 1,600 ce, sai ka sayi kusan uku kafin ka kamo kwalba ɗaya. Da gangan na ƙi sa farashi da naira. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, kuma tawada da hoda duk daga waje suke zuwa, don haka farashin da aka faɗa maka yau ba lallai ya kai jibi ba. Abin da ba ya canzawa shi ne hanyar lissafi: ka tambayi kuɗin tawadar, ka tambayi shafi nawa take bugawa, ka raba. Mai shago zai nuna maka kuɗin na'ura, kai kuma ka nemi kuɗin shafi.

Na san abin da Malam zai ce. Zai ce ai ba wanda ke sayen sabuwar hoda kullum, ana cika tsohon gida da araha, kuma in aka yi haka shafin lesa ma bai da tsada. Haka ne. Da a kuɗin shafi kaɗai gardamar ta tsaya, da sai mu ce an yi kunnen doki mu tashi. Amma akwai abin da bai shiga lissafinsa ba sam, kuma a wurinmu shi ne kan gaba: wuta.

Hodar lesa roba ce aka niƙa da launi. Ba ta manne wa takarda sai an narkar da ita, shi ya sa a cikin kowace lesa akwai wani abin naɗi da zafinsa ke kusantar digiri 200. Dalilin da ya sa takarda ke fitowa da ɗumi ke nan. A taƙaice dutsen guga ne aka sa a cikin akwati. Ƙaramar lesa irin HP P1102 tana jan wajen wat 360 yayin bugawa, kuma a daidai lokacin da take ɗumama kanta fizgar da take yi ta fi haka. Mai tanki irin Epson L3110 wajen wat 12 take ci, kamar ƙwan fitila guda. Ninki talatin ke tsakaninsu. Ko masu ƙera batirin ajiyar wuta na kwamfuta suna gargaɗin kada a jona musu lesa.

Wanda ke zaune inda wuta ke kwana ba zai ga muhimmancin wannan ba. Ko da aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba a 2022, wutar cikin gari dabam, ta ƙauye dabam. A gidana faifan sola ne da batir ɗaya da 'yar ƙaramar inbata, kuma da kyar na haɗa su. Su ke riƙe fitilu da fanka da cajin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka. Wani abokin aikina ya taɓa kawo mini lesarsa aro. Muna kunnawa inbata ta yi ƙara ta ɗauke, ɗaki ya yi duhu. Muka sake gwadawa da rana tsaka, rana na dukan faifan, haka ta sake yi. Firintata mai tanki kuwa a kan wannan batir ɗin nake buga shafi ɗari biyu bayan isha'i, fanka na juyawa, kuma da asuba akwai sauran wuta.

Za a ce a tada janareto. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Yanzu wa zai ja igiyar janareto don shafi goma? In kuma ya ja, man da ya ƙone ai a kan waɗannan shafuka goma zai hau. Malam ya raba kuɗin hoda da shafuka ya ce ya samu araha, amma bai zuba kuɗin mai a cikin tukunyar ba. Manomin doya da ya lissafa kuɗin iri ya bar kuɗin huɗa da na ɗauka zuwa kasuwa, ba za a ce ya san ribarsa ba.

Sai batun gwanjo, wanda ya faɗa a guje kamar ba komai. Wutar Amurka bolt 110 zuwa 120 ce, tamu 230. Caja ta waya ko ta kwamfuta tana karɓar kowacce, amma yawancin lesa iri ɗaya kawai aka ƙera su su karɓa, saboda wancan dutsen gugar. Wanda ya sayo 'yar Amurka bai duba rubutun bayanta ba, ya jona ta kai tsaye, hayaƙi zai gani. In ya duba ma, sai ya nemi na'urar rage ƙarfin wuta mai girman da zai ɗauke ta, wani kuɗin ke nan. Mai tawada ta gwanjo ita ma da nata ciwon, domin kamfanoni na raba katirij yanki-yanki. Abin da HP ke kira 63 a Amurka shi ne 302 a Turai, shi ne 123 a nan, kamanninsu ɗaya amma na'urar wani yanki ba ta karɓar na wani. Duk mai shirin sayen ta hannu, ya juya ta ya karanta bayanta, ya buɗe ya ga lambar abin da take ci, sannan ya tabbatar ana samun sa a Lafia kafin ya ƙirga kuɗi.

Sannan me muke bugawa? Malam ya ɗauka baƙin rubutu ne zalla, kamar ofishin lauya. Mu a nan rabin aikinmu da hoto ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajista. Yaro ɗaya kafin ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Lafia ko a kwalejin Isa Mustapha Agwai, sai ya buga takardar shaidar rajista, da ta sakamako mai hotonsa, da ta samun gurbi, da sakamakon WAEC ko NECO, da hoton fasfo ba adadi. Ga katin ɗaurin aure, ga na suna, ga taswira da zanen sassan jiki na darasin kimiyya, waɗanda in ba launi yaro ba ya rarrabe jijiya da tsoka. Lesa mai rahusa baƙi kawai take yi. Mai launin kuwa hoda huɗu take ci, wutarta ta fi yawa, kuɗinta ya fi ƙarfin malamin makaranta, kuma wajen hoto ba ta kamo mai tawada ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu tanki na zuwa da gilashin kwafi a sama, wasu kuma ana tura musu aiki daga waya kai tsaye. A garin da kusan kowane gida akwai waya amma kwamfuta sai an tona, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga babbar hujjarsa, bushewa. Ba ƙarya ya yi ba, sai dai ya kai maganar inda ba ta kai ba. Tawada na fita ne ta wasu ƙofofi da suka fi silin gashi ƙanƙanta, in ta daɗe ba ta motsa ba sai ruwanta ya tsotse ta toshe su. Ni ma ta faru da ni. Wani hutun ƙarshen shekara na yi tafiya, na bar firinta a buɗe kusan mako biyar, hunturu na kaɗawa. Na dawo baƙin na fita da ratsi-ratsi, ja kuwa babu shi sam. Sai da na sa ta wanke kanta sau da yawa, a hankali, ina ba ta hutu tsakani, kafin ta dawo daidai. Wankin nan tawada yake ci, kuma tawadar ba ɓacewa take ba, wani soso ne a ƙasan na'urar ke shanye ta. Akwai abin ƙirga a ciki, ranar da ya ce soson ya cika sai firinta ta tsaya cak har sai an kai ta wajen mai gyara. Saboda haka wanda ke danna wanki kullum yana rage mata kwana ne.

Tun daga wannan lokaci ban sake ganin toshewa ba, kuma ba wata dabara na yi ba. Duk Juma'a nakan buga shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan launuka, ko akwai aiki ko babu. In zan yi tafiya na bar wa ɗana wannan aiki. Ba na kashe ta daga soket, da maɓallinta nake kashe ta, domin a lokacin ne kan da ke fesa tawadar ke komawa mazauninsa ya rufe bakinsa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son in jona ta a inbata, don ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar kan a buɗe. Ina rufe ta da zane saboda ƙura, da zanzaro mai neman inda zai yi gini, da kyankyaso. Ba na barin tawada ta sauka ƙasa da layin da aka zana a jikin tanki, domin in iska ta shiga tiyo an shiga wani aikin. Mai babur ya san yana duba baƙin mai, mai injin niƙa ya san yana sa giris, ba wanda ya ce don haka babur da injin tarko ne.

Abin da na fi jin tsoro ya wuce bushewa, shi ne tawadar jabu. Kwalba iri ɗaya, kwali iri ɗaya, rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Kan feshi shi ne mafi tsada a jikin na'urar, in gurɓatacciyar tawada ta kashe shi, kuɗin sabo na iya sa ka haƙura da firintar gaba ɗaya. Ga shi tawadar ainihi ta kwalba ba ta kai tsadar da za a yi kasada dominta ba, tunda kwalba guda kan kai ni zango biyu. Na fi son in saya wajen dilan da zan iya komawa in same shi, in duba hatimin bakin kwalbar, kuma ba na gauraya ta wani kamfani da ta wani.

Akwai wuri ɗaya da na sallama wa Malam ba tare da sharaɗi ba. Yawancin tawadar kwalba rini ce, ruwa na taɓa ta sai ta malale, hodar lesa kuwa ko an jiƙa takardar rubutun na nan. A ƙasa mai damina irin tamu wannan abin dubawa ne. Yarjejeniyar sayen gona, ko takardar rabon gado, ko duk abin da za a ajiye shekaru a ƙasan akwati, ni kaina cikin gari nake kai su a buga da lesa. Wanda irin wannan aiki ya yi masa yawa, ya nemi mai tanki da baƙar tawadarta ba rini ba ce, irin GI-490 ta Canon ko GT53 ta HP, sun fi jure ruwa. Haka mai shagon buga takardu a bakin jami'a, mai dubban shafuka baƙaƙe a mako da wuta tsayayya, lesa ce tasa, ba na musu. Wanda kuma buƙatarsa ba ta wuce takarda biyar a wata uku ba, kada ya sayi ko ɗaya, ya haɗa aikinsa ranar da zai shiga Lafia. Mai tanki kuɗin sayenta ya ninka na mai katirij, ba ta biyan kanta sai a hannun mai bugawa a kai a kai.

Wani abin da na lura da shi bayan na koma mai tanki, tawada ta daina zama abin da ke cin kuɗina. Rim ɗaya takarda 500 ne. Kafin kwalbar baƙi ta ƙare, in fuska ɗaya kake bugawa, ka sayi rim tara, kuma kuɗin rim tara ya yi wa kuɗin kwalba nisa. Saboda haka tattalin yanzu a takarda yake. Ina buga gaba da baya, ina rage girman rubutu in shigar da tambayoyi a shafi ɗaya, abin da na aji ne kawai in sa shi a bugu mara kauri. Da damina kuma rim na cikin ledarsa a kan kabad, don takardar da ta sha sanyi manne wa juna take yi ta maƙale a ciki.

Damuwar da ta rage mini, wadda da Malam ya taɓo ta da na tsaya bayansa, ita ce gyara. Ranar da soson firintata ya cika, sai da na ɗauke ta zuwa cikin gari. Mai tanki ba a kwantar da ita, ba a karkata ta, in ba haka ba tawada ta bi cikinta. Na toshe bakin kowane tanki, na sa ta a babbar leda, na rungume ta a cinya a bayan mashin, ina roƙon ɗan acaɓa ya bi ramuka a hankali. Gyaran bai ɗauki awa ɗaya ba, amma yinin ya tafi, kuɗin hanya kuma ya kusa kamo kuɗin aiki. Yaron da ya yi gyaran bai fi shekara ashirin ba, ya ce mini a wata shida ya koya. A cikin ɗalibaina da suka gama bara akwai biyu masu hannu, duk rediyon da ya lalace a unguwa wajensu ake kai wa. Na yi magana da mahaifin ɗaya, ya amince, bayan an gama haƙar doya zan kai shi wajen mai gyaran ya fara koyo.